Kafin Gwani Ya Tafi: Yadda Za Ka Yi Tattalin Ilimin da Ke Kan Ma'aikatanka

Shekarun baya na yi aiki a ofishin wata masana'antar casar shinkafa. Akwai wani dattijo mai kula da injuna, kowa Baba yake ce masa, har manaja. Ya haura shekara 20 a wurin. Da ƙarfi ya fara ja baya sai ya nemi komawa gida. Aka yi masa walima, aka ba shi turmin shadda da ambulan, aka yi addu'a, ya tafi. Takardar miƙa aikinsa shafi ɗaya ce tak: makullai kaza, sufana kaza, gwangwanin giris kaza.

Hunturu na shigowa shinkafa ta fara fitowa a kakkarye, dillalai suka fara rage kuɗin buhu. Aka kira injiniya, ya buɗe littafin injin, ya ce komai na kan ƙa'ida. Bayan mako 3 ana tafka asara, manaja ya tura ni da matashin da ya gaji aikin zuwa ƙauyen Baba. Muka same shi a gindin darbejiya. Ya saurare mu har muka gama, sannan ya dubi yaron ya ce, "Iska ce ta busar muku da shanshera. Ka ɗan sassauta robobin ɓare ƙaiƙayi, ka rage matsin injin gogewa. Kuma kafin ka zuba, ɗebi tsaba ka ciza. In ta yi ƙas a haƙori, ta bushe da yawa."

Na ce, "Baba, me ya hana ka gaya mana wannan kafin ka taho?"

Ya ce, "Ɗana, ai ba wanda ya tambaye ni. Makullai kuka tambaya."

Wannan amsa ita ta sa ni rubuta jagorar nan. Kowace ma'aikata, asibiti ce ko makaranta, kamfani ko ofishin ƙaramar hukuma, tana da ilimi iri biyu. Akwai na takarda: dokoki, fayiloli, littafin inji. Akwai kuma wanda ke hannu da ido da kunnen ma'aikaci, wanda shi kansa bai san ya san shi ba sai buƙata ta taso. Masanin falsafa Michael Polanyi ya faɗa tun 1966 cewa abin da mutum ya sani ya fi abin da zai iya faɗa yawa. Na takarda yana kwana a kabad. Ɗayan kuwa kullum da yamma yana hawa babur ya tafi gida, wata rana kuma ba zai dawo ba. Yawancin aikin da ke gabanka a kan wannan na biyun yake.

Mataki na farko: gano inda za ka yi asara

Kada ka fara da sayen manhaja. Na ga wuraren da suka kashe kuɗi a kan rumbun ajiya na intanet, bayan wata 6 ba mai leƙa shi sai wanda ya kafa shi. Fara da takarda da biro, ka raba shafin gida huɗu: aikin da in ya tsaya komai ya tsaya, wanda ya iya shi, ko akwai wani na biyu da ya iya, da kuma yaushe mai shi zai iya barin wurin.

Gida na huɗu ya fi sauƙin cikewa fiye da yadda ake zato. A aikin gwamnatin Najeriya yawancin ma'aikata suna ritaya ne da cikar shekara 60 a duniya ko 35 a bakin aiki, duk wanda ya riga zuwa. Ke nan ranar tafiyar kowa tana cikin fayil ɗinsa tun shekaru. Ka ƙara da masu jiran canjin wurin aiki, da masu shirin tafiya ƙaro karatu, da waɗanda ka san suna neman hanyar fita waje.

Duk layin da ka ga mutum ɗaya ne kawai ya iya aikin, ka ja masa jan biro. Daga cikinsu ka zaɓi 3 ko 5 da suka fi haɗari, da su za ka fara. Wanda ya ce sai ya tattara ilimin kowa da kowa a lokaci guda, ba abin da zai tattara.

Kuma kada ka tsaya kan masu manyan kujeru. Sau da yawa jan layin yana faɗawa ne kan mai rajista da ya san inda fayil ɗin shekara 15 ya shiga, ko direban da ya san wace hanya ce ke yankewa da damina, ko tsohuwar unguwarzomar da ke gane haihuwa za ta yi gardama tun kafin alamun su fito a takarda, ko ma'ajin sito da ya san ɗan kwangilar da ke kawo kaya na ƙwarai. Mu kan raina waɗannan mutane saboda ba su da takardar digiri, alhali da tsohuwar zuma ake magani.

Ko manyan hukumomin duniya ba su tsira daga wannan ba. Hukumar NASA ta Amurka tana da zanen injin F-1 na rokar Saturn V da ta kai mutane duniyar wata a 1969. Zanen na nan, amma dabarun da masu walda da masu haɗawa suka yi da hannunsu, da yawa ba a rubuta ba. Sai da matasan injiniyoyi a cibiyar Marshall da ke jihar Alabama suka ɗauko tsohon inji suka warware shi gunduwa-gunduwa don su fahimci yadda aka yi shi, har suka sake kunna wani sashensa a 2013.

Mataki na biyu: cire tsoro

Nan ne shugabanni da yawa ke tuntuɓe, don sun ɗauka umarni ya isa. Ma'aikacin da ke ɓoye abin da ya sani ba lalle mugu ba ne. Lissafi ya yi: "In na koya wa yaron nan, albashinsa rabin nawa ne, me zai hana a sallame ni?" Wataƙila ma ya taɓa ganin an yi wa wani haka. Iliminsa shi ne garkuwarsa, kuma ba za ka raba mutum da garkuwa da wasiƙar ofis ba.

Don haka ka kira shi, ku biyu, ka gaya masa dalilin zaɓensa da bakinka. Ka ba aikin koyarwar suna da matsayi. Ka rage masa wasu ayyukan don ya samu lokaci, in da hali ka haɗa da ɗan alawus. Ka sa koyar da na baya cikin abubuwan da ake dubawa wajen ƙarin girma. Abu mafi muhimmanci, kada ka yarda a sallami mutum jim kaɗan bayan ya gama koyarwa. Sau ɗaya ka yi haka, ka rufe bakin sauran har shekara 10.

Akwai kuma kunya da girmamawa irin tamu. Yaro ba zai iya tsare dattijo da tambayoyi ba sai an ba shi izini a fili. Ma'aikaciya mace a taron da maza suka cika takan yi shiru da abin da ta fi kowa sani. Aikinka ne ka ce, "Baba, na turo maka shi ne don ya dame ka da tambaya, ka yi haƙuri da shi," ko ka ce, "Malama, ke kika yi wannan aikin bara, me kika gani?"

Mataki na uku: a zauna kusa da gwani

Wannan shi ne ƙashin bayan aikin, kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A marinar Ƙofar Mata a Kano ba a koyon rini da littafi. Yaro yana tsaye bakin rami shekara da shekaru har ya iya gane ruwan baba na rini ya nuna daga warinsa da kalar kumfarsa. Haka yaron kanikanci a gareji yake koyon jin ciwon inji daga ƙararsa. Ofis ne ya sa muka manta wannan hanya.

Kamfanin Matsushita na Japan, wanda yanzu ake kira Panasonic, ya sake gano ta a 1985. Suna ƙera injin yin burodi na gida, amma burodin ya ƙi kyau: baya ya ƙone, ciki ɗanye. Sun yi nazari iri-iri ba su gano matsalar ba. Sai wata ma'aikaciyarsu mai tsara manhaja, Ikuko Tanaka, ta tafi ta zama almajirar babban mai gashin burodi na wani otal a birnin Osaka. Tana kwaɓa fulawa tare da shi ta lura ba ja kawai yake yi ba, yana murɗa kwaɓin yayin da yake jansa. Shi kansa bai taɓa faɗin haka ba. Injiniyoyi suka yi kusan shekara suna gwaji har suka sa injin ya kwaikwayi murɗawar. Farfesa Ikujiro Nonaka ne ya yaɗa wannan labari, ya gina bayaninsa na yadda ilimin hannu ke zama ilimin kamfani a kansa.

Ga yadda za ka tsara naka. Ka haɗa gwani da magaji aƙalla wata 6 kafin tafiya. In aikin yana canzawa da yanayi, kamar noma, casa, gini ko asibitin da ke cika da masu zazzaɓi da damina, to shekara guda cur, don magajin ya ga rani da damina da hunturu. Da mun yi haka, yaronmu zai ga Baba yana cizon tsaba. Da farko magaji kallo zai yi yana tambaya. Daga nan su yi tare. Sannan ya yi shi kaɗai, gwani na zaune gefe ba ya sa hannu sai abu zai ɓaci. A ƙarshe magajin ya koya wa mutum na uku a gaban gwanin. A wannan zangon na ƙarshe ne ake gane abin da bai zauna masa ba.

Sai zaman hira, awa ɗaya a mako, a wurin aikin, gaban injin ko gaban kabad ɗin fayil. Kada ka ce wa gwani "gaya mana duk abin da ka sani." Zai maimaita maka abin da ke littafi ne, don shi ya ɗauka ilimi. Tambaye shi labari. Wace rana ce aikin nan ya fi ba ka wahala, kuma yaya ka fita? Me kake ji ko gani ko shaƙa kafin abu ya lalace? Wane kuskure ne kowane sabon zuwa yake yi? In abu ya gagare ka, wa kake kira? Wace ƙa'ida ce a rubuce wadda ba ka bi, kuma me ya sa? Me ke canzawa a ƙarshen wata, ko da azumi, ko in an ɗauke wuta?

In ya ce "ai kawai gani nake yi na gane," kada ka wuce. Nan dukiyar take. Ka ce, "Nuna mini ɗaya mai kyau da ɗaya marar kyau." Ka ajiye su gefe da gefe, ka sa shi ya nuna bambancin da yatsa. Ka kuma koyi yin shiru bayan tambaya. Dattawa sukan ɗan yi jim kafin su kawo maganar da ta fi nauyi, mai gaggawa kuma yakan katse su daidai lokacin.

Mataki na huɗu: a adana, amma a taƙaice

Abin da aka samo a mayar da shi shafi ɗaya ga kowane aiki: yaushe ake yi, matakan, alamun haɗari, wanda za a kira. Abin da hannu ke yi a ɗauke shi bidiyon minti 3 da waya, gani ya kori ji. A rubuta da harshen da masu aikin ke yi da junansu. In da Hausa ake aiki a ɗakin inji, takardar Turanci ado ce kawai. Wanda karatu ke ba wahala a yi masa saƙon murya.

Ajiya ta zama inda hannu zai kai a lokacin buƙata. Takardar inji a manna ta jikin bango kusa da injin, cikin leda. Na kwamfuta a zuba su wuri guda, ko da Google Drive ne, da tsarin suna ɗaya: sashe, aiki, kwanan wata. Zauren WhatsApp yana da kyau wajen tambaya da amsa cikin sauri, amma ba rumbu ba ne, abu yana nutsewa a cikinsa cikin kwana biyu. A wakilta mutum ɗaya da zai riƙa tsamo amsoshi masu amfani duk Juma'a yana kai su ma'ajiya.

Kamfanin Xerox ya koyar da darasi a nan. A shekarun 1980 wani mai bincikensu, Julian Orr, ya bi masu gyaran injin hoton takardu yana kallon aikinsu. Ya gano ba littafin kamfani ke fitar da su daga matsala mai wuya ba, labaran da suke ba juna ne wajen karin kumallo da shan kofi. Daga baya kamfanin ya kafa rumbun dabaru mai suna Eureka, aka fara gwada shi a Faransa. Abu biyu suka raya shi: kowace dabara sai ƙwararrun masu gyara sun tantance ta kafin ta shiga, kuma tana ɗauke da sunan wanda ya kawo ta. Har aka samu wani mai gyara a Brazil da ke shirin canza wa abokin ciniki inji na dala 40,000, sai ya ci karo da dabarar wani takwaransa na Montreal a Kanada, ya canza ɗan ƙaramin abin da bai kai dala ɗaya ba, inji ya tashi. Kai ma ka sa sunan mai dabara a saman kowane shafi, da sunan wanda ya duba, da ranar da aka duba. Mutum yana son a san nasa ne, kuma mai karatu ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa in bai gane ba.

Mataki na biyar: tambaya kafin aiki da bayan aiki

Ba sai mutum zai tafi ake ɗibar ilimi ba. Sojojin Amurka tun shekarun 1970 suka ɗauki al'adar zama bayan kowane atisaye su amsa tambayoyi huɗu: Me muka yi niyyar ya faru? Me ya faru a zahiri? Me ya kawo bambancin? Me za mu riƙe, me za mu canza a karo na gaba? Minti 20 ya isa. A yi shi ranar da aka gama aikin, ko rigakafin yara ne, ko jarrabawar zango, ko sauke tirelar kaya, tun abin na ɗanye a ƙwaƙwalwa.

Sharaɗinsa ɗaya ne mai wuya: ba neman mai laifi ake yi ba. Ƙarami ya fara magana, oga ya zo ƙarshe, kuma oga ya fara faɗin nasa kuskuren. Ranar da aka yi amfani da abin da mutum ya faɗa a zaman aka ba shi takardar tuhuma, daga ranar ba abin da za ka ƙara ji sai "komai ya tafi daidai, ranka ya daɗe."

Kamfanin mai na BP kuma ya yi suna a shekarun 1990 da yin tambayar tun kafin a fara. Tawagar da za ta shiga sabon aiki takan gayyato waɗanda suka taɓa yin irinsa a wani wuri, ta baje musu shirinta, su nuna mata ramukan da suka faɗa. In reshenka na wani gari ya taɓa haƙa rijiyar burtsatse ko ya taɓa sauya manhajar albashi, kira su kafin ka sa hannu a kwangila. Don wannan ya yi sauƙi, ka yi jerin "wa ya san me": suna, lambar ofis, abubuwa 3 da za a iya tambayarsa. Shafin Excel ɗaya ya wadatar.

Mataki na shida: gyara takardar miƙa aiki

Bayan lissafin kaya, ka ƙara mata waɗannan: ayyukan da ke kan hanya da inda kowanne ya tsaya, alƙawuran baki da aka yi wa mutane, abubuwan da ke zuwa sau ɗaya a shekara kamar sabunta lasisi da inshora, da mutanen waje da aikin ke tafiya da su. Na ƙarshen nan ba a miƙa shi a takarda. Mai tafiya ya ɗauki magajinsa ƙafa da ƙafa ya kai shi wurin mai unguwa, da jami'in banki, da dillalin da ake hulɗa da shi, ya ce, "Ga wanda zai ci gaba, ku riƙe shi kamar yadda kuka riƙe ni." A ƙasarmu amana da fuska ake miƙa ta.

Ka kula da lambobin sirri. Ofisoshi da yawa ɗan hidimar ƙasa ne ke buɗe musu imel da shafin Facebook da lambar wayarsa, shekara na cika ya tafi da komai. Duk asusun ma'aikata a buɗe shi da layi da imel na ma'aikata, mutum biyu su san mabuɗin, a canza shi ranar da ɗaya ya bar aiki. Bayanan marasa lafiya, ɗalibai ko abokan ciniki kuwa ba a zuba su a zauren kowa da kowa, dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta hau kanka a kan haka.

Kuma kada ka yanke zumunci da wanda ya yi ritaya. Ku yi yarjejeniya a fili: za a riƙa kiransa na wata 6 ko shekara, ga abin da za a ba shi duk zuwa. Ya fi mutunci a kan a tuna da shi sai ranar da abu ya ɓaci.

Yadda za ka san yana aiki

In kamfaninka na neman shaidar inganci ta ISO 9001, bugun 2015 ya riga ya wajabta kula da ilimin ma'aikata a sashe na 7.1.6, akwai kuma ISO 30401 na 2018 da ya keɓanta da wannan fanni. Amma ba ka buƙatar mai bincike daga waje kafin ka san gaskiya. Ba gwanin hutun mako 2, ka roƙe shi ya kashe waya, ka ga abin da zai tsaya. Duk abin da ya tsaya, shi ne darasin wata mai zuwa. Ka duba kwana nawa sabon ma'aikaci ke yi kafin ya tsaya da ƙafarsa, da ko kuskuren bara ya sake dawowa bana. Duk wata 6 ka koma kan takardar nan mai gida huɗu ka ƙirga jan layi nawa ya rage, ka kuma cire shafukan da suka tsufa, don umarnin da ya daina aiki ya fi rashinsa haɗari.

Mu dai a masana'antar nan, bayan mun dawo daga ƙauye, manaja ya amince a riƙa aika mota tana ɗauko Baba duk ranar Laraba har damina ta faɗi. Muka rataye littafi mai bangon kwali da igiya a jikin injin gogewa, yaron na rubuta abin da ya ji da Hausa, Baba na sa shi ya karanto masa yana gyarawa. Shafin farko cizon tsaba ne. Kafin Larabar ƙarshe littafin ya kai shafi 40, har da yadda ƙarar bel ke canzawa kwana biyu kafin ya tsinke.